Uwar Ƙwai Za Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin bincike. Ta wanke hannu, ta duba zafin injin ƙyanƙyasa, sannan ta bi ƙwai ɗaya bayan ɗaya tana juya su, kowanne da kwanan watansa da ta rubuta da fensir. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, har ranakun hutu. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Ƙwai. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

A sashenmu muna binciken yadda zuciya ke ginuwa tun halitta tana tayi, kuma da ƙwan kaza muke aiki. Ita ke yanke 'yar taga a jikin ɓawo don a leƙa ciki. Ranar da na fara zuwa ina ɗalibi, ƙwai shida na fasa. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, in soyawa za ka yi, faɗa mini in kawo mai." Sannan ta kama hannuna ta koya mini. Da na sa ido a madubin ƙara girma, sai ga wani ɗan siririn abu yana bugawa, bal-bal.

"Zuciya ke nan, kwananta biyu," in ji ta. "Yanzu bututu ce kawai. Za ta lanƙwashe, ƙwayoyin jikinta su riƙa aika wa juna sinadari kamar saƙon maƙwabta: ke hayayyafa, ke dakata. Da saƙon nan bango ke tasowa, ɗaki ɗaya ya zama huɗu. In saƙo ya gaza, bango bai haɗe ba, sai a sami huji." Abin da na yi wata guda ina fama da shi a littafi, a tsaye ta warware mini.

Har yau ana labarin ranar da wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi. Wata ɗaliba ta dasa ƙananan duwatsun da ta jiƙa da sinadarin saƙon nan a ƙwai tamanin, aikin shekara uku, ga injin yana hucewa. Ta zauna a ƙasa tana kuka. Uwar Ƙwai ta ce, "Tashi, 'yata, hawaye ba ya ɗumama ƙwai." Ta dafa ruwa a risho, ta cika kwalabe, ta naɗe su da tawul ta jera a injin, ta lulluɓe da mayafinta. Awa tara tana canza ruwa, ma'aunin zafi a hannu. Saba'in da ɗaya suka rayu. Da takardar binciken ta fito babu sunan Uwar Ƙwai a sama, ɗalibar ta zo ba da haƙuri. Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Kin taɓa ganin kaza ta sa hannu a takarda?"

Bayan shekaru aka haifa mini 'ya da huji a zuciya. Matata ta daina cin abinci, tana cewa ita ta jawo. Uwar Ƙwai ta zo asibiti, ta zauna bakin gado, ta zana mata ɗakuna huɗun a bayan takardar magani. "Bangon nan ya fara ginuwa tun ba ki gama sanin kina da ciki ba," ta ce. "Ba hannunki."

Sai ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. "Ɗana na fari kwana tara ya yi a duniya, leɓensa shuɗi. Ba wanda ya gaya mini dalili. Lokacin shara nake yi a sashen. Na roƙi Farfesa ya bar ni in leƙa madubin, ko na gane." A ranar matata ta ci abinci.

Mama, ke ce mai hannun da ba ya rawa. Ke ce kika ɗauki ciwonki kika mayar da shi ilimi, likitoci suka sha, ba ki ce a ambace ki ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya karɓe ki. Masu tasowa kuma, ku riƙe ƙaramin aiki da hannu biyu yadda ta riƙe nata.

An yi wa 'yar tawa aiki, bana shekararta shida. Jiya ta shigo da gudu tana haki, ta ɗora tafina a ƙirjinta ta ce, "Baba, ji! Ka gaya wa Kaka Uwar Ƙwai duk ɗakunan suna aiki."