Sunan 'Yata ta Fari

A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce da muka tarar, ni kuwa a wannan fanni ban bar wa kowa ba. Shekara bakwai ina kiran 'yata "waccan" ko "yarinyar nan". Ko wata mai irin sunanta ce ta zo sayen abinci a rumfata, sai dai in ce, "Ke mai jan gyale." Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, da ni take kafa misali in ana zancen matan yanzu da ba su da ta ido. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Yarinyar kuwa ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tana da shekara biyu, Allah ya tashi kafaɗarta, amma ciwon ya tafi da jinta. A rumfar tawa ta girma, a Magama, bakin hanyar Maraɗi inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba takardunsu. Shinkafa da wake nake sayar wa direbobi da 'yan dako. Ita ke miƙa cokula, kuma tun direba bai rufe baki ba ta san yaji yake so a ƙara masa, don bakin mutane take kallo. Yarinya mai wannan kai ba zan yarda ta ƙare a miƙa cokali ba. Makaranta nake so ta shiga.

Na kai ta firamare. Hedimasta ya karɓe mu da mutunci, ya ce ba shi da malamin da ya iya maganar hannu, in ya zaunar da ita a aji zaman banza za ta yi. Ya ce ana iya turo malami a buɗe ajin kurame, in akwai yaran. Sai dai an riga an aiko mai ƙidaya, ya bi gida-gida, ya koma da takardarsa wai babu ko ɗaya.

Na buɗe baki zan yi masifa, don ba na rasa ta, sai na tuna. Mai ƙidayar ya zo gidanmu. A zaure ya tsaya, ya tambayi surukina ko akwai nakasasshe a gidan. Tsohon ya ce, "Lahiya lau muke, Alhamdu lillahi." Ina bayan katanga ina tankaɗe, na ji komai, na yi shiru. To wa zan zaga? Babu magidancin da zai tsaya a ƙofar gidansa ya lissafa wa baƙo abin da yake ɓoyewa, baƙo namiji kuma ba ya wuce zaure. Ni kuwa mace ce, babu ɗakin da ba zan shiga ba.

Washegari na sayi littafin rubutu. Da an gama cinikin rana sai in rufe tukwane, in kama hannun yarinyar mu shiga gidaje. Ban taɓa tambayar kowa ko yana da nakasasshe ba. Zama nake in sha ruwa, mu taɓa hira, in bar yarinyar tana wasanta da hannu. Ba a jimawa sai ka ga wani yaro ya leƙo daga ɗaki, ya matso, su hau nune-nune suna dariya. Daga nan uwar ke sauke kai ta ce, "Shi ma hakanan yake." Muka gama Magama, muka shiga cikin garin Jibiya, har Riko mun je a kan babur. Na ga yaran da maƙwabtansu ma ba su san da su ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

In yaron na fari ne, uwar ba ta faɗin sunan, sai wata a gidan ta faɗa in rubuta. Na gane wannan sarai. Ni kaina layin farko na littafin na bar wa 'yata, na sa shekarunta da unguwarmu, wurin suna kuma na bar shi fili. Rubutawar ma gani nake kamar faɗi ce.

Da littafin ya yi nauyi, na tara iyayen a rumfata. Wata 'yar Maraɗi, matar wani ɗan dako da suka daɗe da zama a nan, ita ta fara cewa, "Ke kin tara mu, ke za ki shige gaba. Ni dai ɗana shi samu lakwal." Makaranta take nufi. Ban yi musu ba, don dama na san zan iya. Na yi ta sintiri wurin masu kula da makarantu har masinjan ya daina tambayata wurin wa na zo. A ƙarshe aka sa mana rana, jami'i zai zo ya ji ta bakinmu a harabar firamare.

A ranar, mata suka cika inuwar dalbejiya da 'ya'yansu, maza na gefe a kan benci. Inna ma ta zo, ta zauna a gaba da carbinta. Jami'in mutum ne mai sanyin magana. Ya duba littafina shafi-shafi, ya ce aiki ya yi kyau, amma yana da takarda biyu a gabansa, ɗaya ta ce babu, ɗaya ta ce akwai. Shi ba zai sa hannu ba sai kowace uwa ta tashi ta nuna ɗanta, ta faɗi sunansa da bakinta, don ya tabbata ba a ɗaki aka zauna aka ƙirƙiro su ba. Sannan ya koma shafin farko.

"Malama, lamba ɗaya babu suna. Ɗan wane ne?"

Matan duk ni suke kallo, da yawansu kuwa 'ya'yan fari ne a cinyarsu. In na sunkuyar da kai, su ma za su sunkuyar, mutumin ya rufe littafi ya shiga motarsa, takardar da ta ce babu ta zama gaskiya. Na dubi Inna, ta kafa wa carbinta ido.

Na miƙe, na jawo yarinyar gabana. Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyata ce. Ni na haihe ta." Sannan na faɗi sunan, da ƙarfi, yadda har na kan benci suka ji.

Ita ba ta ji ba, amma ta gani. Ta san yadda sunanta yake fita a bakin ubanta da na Inna da na yaran unguwa, a nawa ne kawai ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ƙura wa leɓena ido, ta kasa ɗaukewa. Ban san lokacin da 'yar Maraɗin ta miƙe ta faɗi sunan nata ɗan ba, sai wata, sai wata. Wasu da gyale suka rufe fuska suka faɗa. Jami'in yana bi yana sa alama har ya kai ƙarshe, ya sa hannu.

A hanyar gida Inna ta ce, "Ke 'yar nan, yau kin zubar da kunya gaban maza." Na ce, "Na zubar, Inna." Ta yi tafiya kaɗan, ta ce, "To kada ki tsaya kwashewa, da sauran aiki." Gaskiya ta faɗa, don sai da na ƙara wani sintirin kafin malamar kuramen ta iso bayan damina. Aka ba yaran ajin ƙarshe, kusa da rijiya. Har yau ni ke jagorantar iyayen, kuma duk uwar da ta zo mini da rufe-rufe nakan ce ta zauna in ba ta labarin layin da na bari fili.

Mako na uku da fara karatun, ina tsaka da zuba wa direbobi abinci, sai ga ta a guje da littafinta. Ta tura shi gabana. Harufa ne karkatattu, sunanta ne da hannunta. Na gyaɗa kai, na nuna mata ya yi kyau. Ta girgiza kai. Ta ɗora yatsa a kan rubutun, sannan ta ɗora shi a kan leɓena, ta ja baya kaɗan don ta gani sosai. Na ajiye ludayin, direbobi na jira da kwanoninsu, na karanta mata shi sau uku.