Ranar da Na Narkar da Taro da Sisi

Kakata ce ta ɗora mini wannan ciwo, Allah ya jiƙanta. Tana da wata battar taba wadda babu taba a cikinta, sai taro guda na azurfa, wato kwabo uku a kuɗin da, ɗan mitsitsi kamar farcen ƙaramin yatsa. Mahaifinta ne ya ba ta ranar da ya dawo daga kai auduga Funtuwa, tana yarinya, ta ƙi kashewa har ta tsufa. In na je mata aike, ladana shi ne ta ɗora mini shi a tafin hannu in ƙare wa kan sarkin Turawan da ya kusa shafewa kallo, sannan ta karɓe abinta. Da ciwon ajali ya kama ta, ta ce a ba ni battar.

Da na girma na zama malamin gona, ina yawo a babur ƙauye-ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur, wani lokaci har Musawa. In na gama maganar taki da iri da magidanta, sai in roƙi a yi mini iso wurin tsofaffin gidan, in tambaye su ko akwai kuɗin da a ƙasan adudu. Haka na samu sisi mai kwabo shida, na samu fataka mai sule biyu, na samu wasu ƙanana masu rubutun Larabci da alhazan ƙafa suka taho da su, na samu masu huda da matan Fulani suke kitsawa a gashi. Ƙananan na fi so, masu lissafin da yaran yanzu ba sa ganewa. Na azurfa in ka sake shi a kan dutse sai ya yi ta amo, na bayansa kuwa ƙwal ɗaya yake yi ya yi shiru. Duka a gwangwanin alewa nake tara su, ban da na batta.

Garinmu kaf an san ni da wannan hauka, kuma an sha dariya. A majalisarmu ta gindin darbejiya in na iso sai a ce, "Ku matsa, ga attajirin matattun kuɗi." Mai shayi ya ce in na kawo masa sisi zai ba ni ruwan zafi ba madara. Ni ma ina ramawa, don bakina ba ya mutuwa. Shekaru muna haka.

Sai wata magana ta shigo ta wayoyi, wai tsofaffin kuɗi akwai jar zaiba a cikinsu, wani sinadari da wasu mutane daga nesa ke saye da kuɗin da zai ishi mutum har jikokinsa. Wai ƙaramin ma ya fi tsada. Ba wanda ya taɓa ganin mai sayen, amma kowa yana da abokin da ƙanin matarsa ya sayar. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ban daɗe ina yi ba.

Wanda bai zauna yankinmu a waɗannan shekaru ba, ba zai gane abin da ake nufi da a ce kana da kuɗi ba. Mutum ya noma masara mai yawa, sai ya riƙa fitar da ita buhu ɗaya-ɗaya kamar kayan sata. An daina shafa wa gida fenti. Wani maƙwabcinmu sabon babur kawai ya saya, 'yan bindiga suka ɗauke shi a gonarsa da hantsi, sai da aka sayar da gonar kafin ya dawo, kuma har yau bai cika magana ba. Su 'yan bindigar da ke daji ba su san kowa ba. A cikinmu akwai masu kai musu labari, kuma tare muke sallah da su.

Abin da ya fara tsinka mini zuciya shi ne dariyar da ta ɗauke. Na iso majalisa aka matsa mini a tabarma ba tare da an ce komai ba. Mai shayi ya zuba mini madara har da ƙari, ya ce in bar kuɗin. Mutanen da suke ce mini mahaukaci suka koma gaishe ni da hannu biyu. Wallahi ban taɓa jin tsoron girmamawa ba sai a lokacin.

Rannan da la'asar ina ƙofar gida, wani mutum da ban sani ba ya tsaya da babur. Kamili ne a ido, da tsabtarsa, ya iya gaisuwa.

"Malam, an ce kana da irin kayan nan na da," in ji shi. "Har da wani ƙarami a cikin battar taba."

Na ce tarkace ne kawai, ba sa sayen ko ashana.

Ya yi murmushi. "To madalla. Ai na ga ɗiyar taka ɗazu, ba ita ce mai bi ta bayan gari zuwa makaranta ba? Ta girma. Allah shi raya."

Na ce amin. Ban san yadda bakina ya iya faɗa ba. 'Yar nan ita ce autarmu, kuma hanyar da ya faɗa ita take bi kullum, tsakanin gonakin dawa da suka fi mutum tsawo.

Matata ta ji komai daga zaure. Ta ce, "Malam, ka zuba su a rijiya yanzun nan, mu huta."

Na ce, "In na zuba a rijiya wa ya gani? In na sayar kuma, a ce na karɓi kuɗin, ya fi muni."

Abin da ke neman kashe mu yana bakin mutane, don haka a gaban idon mutane zan kashe shi. Ranar kasuwar Malumfashi na ɗauki gwangwanin, na tsaya ina kallon battar. Na ɗauke ta, na mayar, na sake ɗauka. Baƙon nan mai babur ya ambace ta da bakinsa, ba yadda za a yi in bar ta.

Akwai wani tsohon maƙerin azurfa a kasuwar, mai yin zobba da 'yan kunne. Da gangan na ɗaga murya ina ce masa, "Baba, kayan arzikin nan da ake faɗa na kawo, a narka mu ga jar zaibar!" Kafin ya hura gawayi an kewaye mu, har da 'yan garinmu da suka zo cin kasuwa. Na juye gwangwanin a ɗan kaskonsa. Tarin shekaru, bai ma cika shi ba.

Sai wani daga baya ya ce, "Ina na battar?"

Ban waiwaya ba, don ina tsoron in gane muryar. Na fito da ita na buɗe. Tsohon ya karɓi taron, ya sake shi a kan maƙerarsa, ya yi amon nan da na sani tun ina yaro. Ya dube ni ya ce a hankali, "Wanga na kirki ne, ɗana. Ka tabbata?"

Na ce, "Saka shi, Baba."

Ya ja zugazugi. Ina kallo kan sarkin ya lanƙwashe, ya narke cikin sauran. Babu ja, babu zaiba, sai ɗan curin azurfa da tsohon ya ce, kowa na ji, ko buhun taki ba zai saya ba. Aka fashe da dariya. Wani ya ce attajiri ya karye. Hawaye na zubo mini ina cewa hayaƙi ne, amma dariyar nan ta yi mini daɗi kamar ruwan sanyi a bakin mai azumi. Na ce a raina, na sayi ran 'yata da taron kakata, ba a cuce ni ba.

Babur ɗina yana wurin gyara, da zan koma gida sai na hau acaɓar wani ɗan unguwarmu, magidanci mai hankali da na sani tun tasowarsa. Mun bar kwalta mun shiga hanyar gonaki, ya ɗan juyo da kai yana dariya.

"Kai Malam, ka iya wasa! Kowa a kasuwa ya gane. Ka narka na banza, ka ɓoye na gasken."

Na ce masa wallahi babu saura.

Ya ce, "Haka ya kamata ka ce, Malam. Ni ai ba za a ji daga bakina ba."

Washegari na kai yarinyar gidan ƙanwata a Funtuwa, can take karatu har yanzu, sai mu je mu gan ta. Battar tana nan a aljihuna, wayam. Ina zuwa majalisa kullum, kuma wasu sun koma tsokanata kamar da. Ina tanka musu, amma idona yana kan waɗanda har yau suke miƙo mini hannu biyu, don ba ni da sauran abin da zan narka musu.