Masuncin da ya hana Inna wanka

"Wanga ƙaton hwa? Ba ni tuɓewa gabanai!"

Kakarmu Inna ke nan, ta fito daga banɗaki a fusace da bokitinta. Lokacin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, an ba Baba gidan ma'aikata a Birnin Kebbi. Don murna ya ɗauko mai zanen bayan motoci, ya zana masa masuncin Argungu a bangon banɗakin, da gora da homar kamun kifi, ya rungumo giwan ruwa, ya zaro idanu.

Baba ya ce, "Inna, fenti ne fa."

Ta ce, "Fenti ka kallon mutane hakanga?"

Kwana uku tana zuwa wanka gidan maƙwabta, har unguwa ta fara cewa Baba ya hana uwarsa ruwa. Aka rufe masuncin da zanen ɗaurawa, ta ce tana jin idonsa ta ciki.

Dole Baba ya kira mai zanen, ya shafe masuncin kaf da shuɗin fenti, bango ya koma kogi zalla. Muka rako Inna ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki bokitinta.

"Ku yara na. Bakabe na hwa, ɗan Argungu, nutso ya yi. Shina nan ƙasa, ya riƙe lumfashi."

Har ta koma Argungu ba ta yi wanka a gidanmu ba. Ni ma, gaskiya, da sauri nake watsa ruwa.

Ku wa ya taɓa korar kakarku daga banɗaki?