Barewar Dogo

Dogo ma'aikacin hukumar kula da namun daji ne, tun gashinsa na baƙi yake sashen rainon marayun dabbobi. Ba ya kishin albashin kowa, ba ya kishin babur ɗin kowa. Amma a ce dabbar da ya raina ta fi son wani? To, nan ake ganin halinsa.

Aka kawo wata 'yar barewa da mafarauta suka kashe wa uwa. Dogo ya shayar da ita da kwalba, ya lulluɓe ta da tsohuwar rigarsa, har matarsa ta ce, "Baban yara, ko autarmu ba ta samu wannan gatan ba."

Sai ciwon baya ya kwantar da shi. Da ya dawo, ya tarar da barewar tana bin Gajere, abokin aikinsa, tana lasar masa hannu. Dogo ya kira ta, ta ɗago kai ta dube shi, ta ci gaba da lasa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya daina amsa gaisuwar Gajere, ya riƙa yaɗa cewa ko riƙon kwalba bai iya ba.

"Yaya, wai me na yi maka?" in ji Gajere.

"Tambayi hannunka."

Hukumar tana da ƙa'ida. Barewar da ta saba da mutum, da ƙafarta take kai kanta wurin mafarauci. Saboda haka ranar saki, wanda ta fi yarda da shi ne zai kore ta da dukan garwa, ta koyi tsoron mutane. Aiki ne da kowa ke gudu. Amma da shugaban sashe ya ambaci Gajere, Dogo ya yi tsalle ya dire.

"Yallaɓai, ni na raine ta! In akwai wanda ta yarda da shi, ni ne!"

Shugaban bai ja ba, ya miƙa masa garwa.

A bakin daji aka buɗe keji. Barewa ta fito tana sunsunar ciyawa. Dogo ya runtse ido, ya doka garwa iya ƙarfinsa. Ta zabura kamar za ta shige daji, sai ta juyo a guje ta laɓe bayan ƙafafun Gajere.

Ba wanda ya yi dariya. Gajere bai dubi fuskar Dogo ba, ya miƙo hannu.

"Yaya, kawo garwar."