Bokitin da Gwaggo Ba Ta Wankewa

Gwaggo, yayar babana, ta ƙare ƙuruciyarta tana goge ɗakunan asibiti. Da ta yi ritaya sai ta dawo da yaƙin gida. A hannunta na tashi, don haka na san abin da nake faɗa: cokali ba ya kwana da maiƙo a gidan nan, kuma duk abin da ya taɓa ƙasa sai ya sha bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Har hannayenta warin bilic suke yi. Ina yarinya na ɗauka haka duk uwaye suke wari.

Sai Allah ya haɗa ta da miji mai kiwon ƙwayoyin cuta.

Baba, kamar yadda nake kiransa, mai gyaran wuta ne a ma'aikatar tace ruwan datti. Can ya ga wasu masu bincike suna fitar da lantarki daga laka, abin ya shiga ransa bai fita ba. Ya jera bokitai a bayan kicin, kowanne da baƙar laka a ƙasa, ruwa a sama, da faifan gawayi biyu, ɗaya a binne ɗaya yana iyo, wayoyi sun haɗa su. Ya yi min bayani cewa akwai bakteriya a cikin lakar, suna cin ɓawon dankali da ruwan wankin shinkafa, suna sakin ɗan ƙarfin lantarki, waya ta kwashe. "Ma'aikatana" yake ce musu. Wai ba sa yajin aiki, ba sa neman hutu, abinci kawai.

Duk wannan hidima ƙwan fitila guda take kunnawa, ɗan mitsitsi, a lungun da ya tashi daga ɗakin kwana zuwa banɗaki. Lungun ba taga, ko da rana duhu ne. Gwaggo ta sha faɗa masa cewa idon kyanwa ya fi wannan abu haske, kuma mutum mai hankali ba ya tara ƙazanta a gidansa ya ce kimiyya. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai tunda aka sa shi ba ta ƙara buga ƙafa da bango ba. Gaskiyarsa ce, shi ya sa take ƙara jin haushi.

Babbar rigimarsu a kan wani tsohon bokiti ce, kore, mai tsagaggen baki, wanda yake tara ɓawo a ciki ya jiƙa kafin ya raba wa ma'aikata. Ciki ya yi baƙi, ya yi santsi. Ya hana kowa wanke shi. In zai fita sai ya rataye shi a ƙusa can sama inda hannunta ba ya kaiwa, ita kuma ta tsaya a ƙasa tana hararar bokitin kamar yana ganinta.

Da Baba ya rasu, Gwaggo ba ta yi kuka mai yawa a gaban mutane ba. Wanki ta kama. Ta wanke rigunansa, ta goge takalmansa, ta jera akwatin kayan aikinsa. Sannan ta taka kujera ta sauko da koren bokitin, ta dirje shi da bilic har ya koma kamar sabo. Ba mugunta ba ce. Ita haka take nuna ƙauna, ba ta san wata hanya ba.

Mun zaci za ta sa a kwashe lakar a zubar. Ina! Ita da ba ta taɓa leƙa bayan kicin ba sai da toshe hanci, sai ga ta kullum da safe tana yanka ɓawo ƙanana yadda ta ga yana yi, tana zuba wa kowane bokiti rabonsa. In ta gama ta wanke koren bokitin tas da bilic, ta kife. Na tambaye ta me ya kai ta. Ta ce abu mai rai ne ya bari, ba za a ce a hannunta ya mutu da yunwa ba.

Amma ƙwan ya fara dusashewa. Ta ƙara abinci, ya ƙara dusashewa. Ta kira ni a waya, ta ce in zo in duba, wutar Malam tana tafiya. Na tarar da ita zaune a kan kujera a bakin lungun tana kallon wani ɗan ɗigon haske da sai ka tattara ido za ka gan shi. Ranar na gane ba fitila take gadi ba. Abu na ƙarshe ne a gidan da har yanzu yake yin abin da Baba ya sa shi.

Na nemo wani tsohon abokin aikinsa. Ya zo ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Sai ya ɗauki koren bokitin ya kai hanci, ya ajiye a hankali, ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya faɗa mata cewa ɗan bilic ɗin da ke saura a jikin bokitin yana bin ɓawon ya shiga lakar, kuma aikin bilic ai ta fi shi sani.

Gwaggo ta dubi hannayenta. Ta daɗe tana dubawa.

"Kenan ni na kashe masa su?"

Ya ce ba duka ba. Bokitin ƙarshe, wanda ke can kusurwa inda abinci ke isa a ƙarshe, yana da sauran rai. In aka canza ruwa, aka ɗebi lakarsa aka raba wa sauran kamar iri, za su iya farfaɗowa. Sharaɗi ɗaya ne, koren bokitin nan kada ya ƙara ganin bilic ko sabulu.

Ita da kanta ta naɗe hannun riga ta zura hannu cikin baƙar lakar har gwiwar hannu, ba safar hannu. Ban taɓa zaton zan ga haka a rayuwata ba. Na ji dariya na taso min, sai hawaye suka riga ta.

An daɗe kafin ƙwan ya dawo, kuma a hankali ya dawo. Bokitin ma ya koma baƙinsa da santsinsa. Sauran gidan na nan yadda yake, cokali ba ya kwana da maiƙo, kuma har yau tana cewa idon kyanwa ya fi ƙwan haske.

Kwanakin baya na je gaishe ta. Na shiga kicin ina taya ta wanke-wanke, hannuna ya kai kan koren bokitin bisa sabo, na kama soso. Ban ji shigowarta ba, sai ji na yi an fizge shi daga hannuna.

"Wa ya aike ki?" ta ce. "A gidan nan kika tashi, ba ki san ba a wanke wannan ba?"

Ta jawo kujera, ta taka da tsofaffin gwiwoyinta, ta rataye shi a ƙusar nan ta can sama, inda hannuna ba ya kaiwa.