Baƙon da Likita Yake Jira

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin maza na sashen tiyata, akwai wata Laraba da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ni ce babbar ma'aikaciyar jinya mai kula da aikin safe. Da yake ku sababbin ma'aikatan jinya ne, bari in faro muku daga tushe.

An kwantar mana da wani dattijo daga unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe, Malam Bappa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya haura saba'in. Ciwon daji ne a babban hanjinsa. Likitoci suka yanke inda ciwon yake, suka haɗa bakin hanjin suka ɗinke. Aiki ya yi kyau. Sai dai ga tsoho, fitowa daga ɗakin tiyata ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Hanjin da aka taɓa yakan kwanta kamar mai barci, kuma a lokacin ba ma ba mara lafiya ko kurɓin ruwa sai hanjin ya farka. Ƙarin ruwa ne ke riƙe da shi. Alamar farkawar da muke jira kuwa ita ce ya fitar da iska. Tusa dai, in kira muku ita da sunanta.

'Ya'yansa maza duk suna nesa, don haka mijin 'yarsa, Usman, mai shagon yadi a Kasuwar Gombe, shi ya rufe shago ya tare a gefen gadon. Ban taɓa ganin mai jinya kamarsa ba. Ko ƙuda ba ya bari ya sauka a jikin tsohon. Ba ya ɗagawa sai salla, ita ma a gurguje.

Kullum in na zo zagayen safe sai in rage murya in ce, "Baba, iska ta fita?"

Sai ya ɗaga kai ya dubi silin ya ce, "Lafiya lau, Sista Rahila. Mun gode Allah."

Muka ce ya tashi ya ɗan taka, don tafiya tana tada hanji. Usman ya miƙa hannu zai tallafe shi, sai Baba ya ce jiri yake ji. Kwana ya bi kwana, ciki ya fara kumbura, gumi na tsattsafo masa a goshi, amma ko nishi ba ya yi.

Ranar Larabar, babban likita ya sa abin sauraro a kan cikin Baba, ya daɗe. Da muka fito baranda ya ce mini, "Sista, ina jin motsi a hanjin, amma kumburin nan bai kwanta mini ba. In zuwa gobe babu canji za mu yi hoto. In ɗinkin ne ya saki, sai mun koma da shi."

Komawa tiyata karo na biyu ga mai shekarunsa ba ƙaramin abu ba ne. Zuciya ta gaji, huhu ya gaji, ƙoda ma haka. Na ga tsofaffi da suka tsallake na farko lafiya, na biyun ya tafi da su.

Da rana, lokacin dubiya, matarsa ta zo. Kowa Dada yake kiranta. Ƙaramar tsohuwa ce, takan zauna a ƙarshen gado ta ɗan juya masa gefe, ba ta ko kallon fuskarsa. Na ja ta waje na yi mata bayanin abin da likita ya ce, da abin da muke jira. Ta gyara mayafinta.

Can ta ce, "'Yata, ke da bakinki kike tambayar sa wannan abin?"

Na ce, "Ni ce, Dada. Aikinmu ne."

"A gaban yaron?"

Na ce e.

Ta girgiza kai. "Tun ina yarinya aka kawo ni gidan mutumin nan, ban taɓa jin ya fitar da iska ba. Ni ke nan. Balle surukinsa? Ai gara cikin ya fashe."

Mun duba zazzaɓi, mun duba jini, mun duba fitsari, ba wanda ya dubi kujerar da ke gefen gado.

Na sami Usman na ce ya ɗan je ya huta, mu za mu kula da Baba. Ya ce shi bai gaji ba. Sai Dada ta yi masa magana da Fillanci, gajeruwa, a hankali. Na ga ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko. Ya ce, "Wallahi Sista, ni gani nake taimakonsa nake yi." Na ce, "Taimakonsa kake yi. Wannan ma taimako ne." Ya ɗauki takalmansa ya tafi gindin dalbejiya ya zauna.

Na kira wani dattijon ma'aikacinmu namiji ya ɗaga Baba, suka taka zuwa ƙarshen ɗaki suka dawo. Na ja labule na kewaye gadon. Dada ta ciro 'yar rediyo daga jakarta, ta kunna, ta ƙure murya, ta ajiye kusa da filonsa. Ta kama hannuna muka fita.

Wajen la'asar, ina shirin miƙa aiki, aka ce Baba na kira na. Na tarar fuskarsa ta saki. Bai dube ni ba, ya ce, "Sista, a gaya wa likita, baƙon da yake jira ya zo ya wuce."

Na danne dariya da hawaye lokaci guda, na ce, "To Baba, Allah ya maimaita mana."

Washegari ciki ya sassauta, maganar hoto ta wuce. Likita ya ce a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, daga baya kunu mai ruwa-ruwa. Da na ɗauko cokali, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ina Usmanu? Shi zai ba ni." Usman ya shigo ya durƙusa, ya kai masa cokalin farko.

An sallame shi da ƙafarsa. Ya riƙa zuwa ganin likita a kan lokaci, kullum da Usman a bayansa. Ya ƙara shekaru masu daɗi a gidansa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma Usman ne ya tako har ɗakinmu ya gaya mana.

Za ku koyi karanta ma'aunin jini da na zazzaɓi cikin 'yan watanni. Abin da zai ɗauke ku shekaru shi ne gane cewa tsoho ba da ciwonsa kaɗai yake zuwa asibiti ba, da girmansa yake zuwa, kuma sau da yawa ya fi tsoron zubewar girman a kan mutuwa. In kun tsare masa shi, jikinsa zai ba ku haɗin kai. Saboda haka kafin ku yi wa dattijo tambaya, ku fara duba wa ke zaune a gefensa.