Tudun Mushe Hambali

Rigimar farko da Mushe Hambali ya yi a Gangara, da Inna Tala mai ƙosai ya yi ta, kuma ya sha kashi. Ta same shi da sassafe cikin gajeren wando, yana hawa yana sauka kan jujin bayan gidanta, inda take shanya barkono. Ya ce motsa jiki yake. Ta ce jikin da ba ya motsuwa sai kan barkonon mutane ya koma inda ya fito. Ya kwashe takalmansa yana atishawa.

Malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe; daga Buza aka turo shi, ƙasar duwatsu. Can garinsu, duk ƙaramar salla samari na tseren hawa dutse, kuma shekara shida ba wanda ya riga shi kaiwa sama. Ga Safiyanu, ɗan baffansa, yana aiko saƙo ta waya cewa bana sai dai Hambali ya riƙe masa riga.

To, Gangara kuwa shimfiɗe take kamar faifai. Ya gwada jigawa, yashi ya cinye ƙafar. Ya gwada ramin masu bulo, taku biyar ya fito. Har Gazawa ya je kan babur yana tambayar tudu, aka nuna masa tarin buhunan wake.

Wata safiya bijimin san da ke jan guga a babbar rijiya ya yi targaɗe, mata suka yi cirko-cirko da tuluna. Hambali ya dubi igiyar, ya dubi zurfin, ya ɗaura a ƙugu ya zura da gudu. Guga ya fito cike, cinyoyinsa suka yi irin zafin da ya sani. Wata huɗu yana wannan. Inna Tala ma ta riƙa ajiye masa ƙosai, wai ladan dabba.

Ya je salla gida, ya riga Safiyanu da taku uku, ya dawo bai ce komai ba. Sai a bakin direbobi aka ji.

Yahaya mai shayi ya ce ƙarya ne. Mutumin da ya shekara inda ko kunyar gona ba ta kai gwiwa ba, ina zai iya da dutse? Aka yi ta musu har shayin ya huce.

Hambali ya ajiye kofinsa.

"Yahaya, kuna da tudu, gaba talatin ma. Kakanninku ne suka haƙa shi ya kalli ƙasa."